Sa'ar da rana ta fi zafi: yadda ake tsara wutar lantarki a gidan shuka na kasuwanci

Gidan shuka na kasuwanci, wato rumfar nan mai rufin gilashi ko leda da ake noman tumatir, kokwamba, tattasai, latas ko furanni a cikinta domin sayarwa, wuri ne da aka raba shuka da sarari. Ruwan sama ba ya sauka a kanta. Iska ba ta ratsa ta sai an buɗe mata hanya. Zafin da rana ta zuba a ciki kuma ba ya fita don kansa. Duk abin da fili yake yi wa shuka kyauta, a nan inji ne zai yi, inji kuwa da wuta yake aiki. Saboda haka tsarin lantarkin irin wannan gida yana cikin abubuwan da rayuwar amfanin ta rataya a kansu, daidai da ruwa da taki.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake yawan barin wannan tsari zuwa ƙarshe. A kafa ƙarafa, a rufa, a shimfiɗa bututun ban ruwa, a yi odar iri, sannan a kira mai aikin wuta a ce ya zo ya jawo layi. Shi kuma ya iso ya tarar an riga an yanke duk shawarar da ya kamata a yi da shi: an zuba kankare a inda kebul zai bi, an ajiye famfo can ƙarshen fili, ba a bar busasshen ɗaki ko ɗaya da za a sa akwatin rarraba wuta ba. Daga nan aikin ya koma faci. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Tambayar farko ta manomi ce: me za a shuka, a wane irin yanayi, kuma a waɗanne watanni ake son girbi? Daga amsarta sauran lissafi duka yake fitowa. Dubi wurare biyu da suka yi suna a wannan noma. A Almeriya da ke kudancin Sifaniya akwai rumfunan leda da suka mamaye fiye da hekta 30,000, amma yawancinsu da rana da iskar da ke shiga ta tagogi suke dogara, wutar da suke ci ba ta wuce ta famfon ban ruwa da 'yan ƙananan injuna ba. A yankin Westland na ƙasar Holand kuwa, inda ranakun hunturu gajeru ne kuma hasken ya yi ƙaranci, gidajen gilashi da dama suna kunna fitilu na sa'o'i masu yawa, har ta kai manoma sun girka nasu injunan gas da ke ba su lantarki da zafi, su kuma tace hayaƙin su ba shuka iskar kabon da take buƙata. Sunan noman ɗaya ne, amma wutar da hekta ɗaya take sha a nan da can ko kusa ba su yi ba. Duk wanda ya faɗa maka adadin kilowat da gidan shuka yake buƙata kafin ya tambaye ka abin da za ka shuka, kintace kawai ya yi.

Bayan an san shuka da yanayi, sai a zauna da takarda a rubuta duk abin da zai ci wuta: manyan fankokin fitar da zafi, ƙananan da ke juya iska tsakanin layuka, famfon da ke jiƙa allon sanyaya iska, famfunan ban ruwa, na'urar haɗa taki da ruwa, injunan buɗe tagogi da jan labulen inuwa, fitilu, na'urar ɗumama, kwamfutar da ke kula da su duka, ɗakin sanyi, da soket ɗin da ma'aikata za su jona kayan aiki. A gaban kowanne a rubuta ƙarfinsa kamar yadda yake a jikin farantinsa, irin wutar da yake so, da sa'o'in da yake aiki. Sannan a ƙara layi ɗaya da ba kasafai ake ganinsa a irin wannan jadawali ba: idan wannan abu ya tsaya, minti nawa ne kafin a fara asara? A ganina wannan layin ya fi sauran daraja, kuma za mu dawo kansa.

A gidan zama ko ofis, masu tsara wuta suna da wani rangwame da suke yi. Sun san ba za a kunna kayan gida duka a lokaci guda ba, don haka bayan sun tara lodin sai su rage wani kaso. Wannan rangwame yana da haɗari a gidan shuka, domin abu ɗaya ne yake ba dukkan injunan umarni, wato rana. Idan ta take tsaka a ranar da ta fi kowace zafi a shekara, kowace fanka tana juyawa, famfon sanyaya yana aiki, ban ruwa ya ƙaru domin shuka tana sha fiye da kullum, ɗakin sanyi yana fama, labule yana motsi. Babu wanda zai jira wani. Wannan sa'ar ake yi wa lissafi. Rangwamen da ya halatta shi ne tsakanin abubuwan da ba sa haɗuwa bisa ɗabi'arsu: fitilun ƙarin haske da na'urar ɗumama na dare ne da lokacin sanyi, fankokin sanyaya na rana ne da lokacin zafi. Sai a fitar da ƙololuwa biyu, ta zafi da ta sanyi, a ɗauki wadda ta fi girma. Ko a nan ma sai an yi hattara, domin fitilu suna fitar da zafi, kuma akwai ranakun da za a kunna su tare da wasu fankoki.

Bari mu sa lambobi don maganar ta fito fili. A ce gida mai faɗin murabba'in mita 1,000, tsayinsa a matsakaici mita 3. Ƙa'idar da aka saba bi wajen sanyaya da fanka ita ce a sauya iskar ciki gaba ɗaya kusan sau ɗaya a kowane minti. Ke nan kubik mita 3,000 a minti, ko 180,000 a awa. Babbar fanka irin mai faɗin kusan mita 1.4, mai inji kilowat 1.1, takan ja kimanin kubik mita 40,000 a awa. Guda biyar ke nan, kilowat 5.5. Ko an ƙara famfuna da ƙananan injuna, lodin bai kai wanda zai tayar da hankali ba.

Yanzu a sa fitilu a wannan gidan. Hasken shuka da maikromol ake auna shi, wato yawan ƙwayoyin hasken da suke sauka a kowane murabba'in mita cikin daƙiƙa ɗaya. A ce ana son ƙarin maikromol 200. Fitilar sodiyom mai wat 1,000 ta zamani tana ba da kusan maikromol 1.7 daga kowane wat, fitilun LED masu kyau kuma suna kai 3 ko fiye. Raba 200 da 1.7, ka samu kusan wat 118 a kowane murabba'in mita. Raba da 3, ka samu kusan 67. A gidanmu na misali ke nan kilowat 118 da sodiyom, ko 67 da LED. Ko da fitilar da ta fi tsimi, lodin ya ninka na fankoki fiye da sau goma. A kan hekta guda kuwa ana maganar kilowat 670 zuwa fiye da megawat ɗaya, wato wutar ƙaramar masana'anta. Shi ya sa shawarar sa fitila ko rashin sa ta, da irin fitilar, take sauya komai: girman tiransfoma, kaurin kebul, girman akwati, har da ko layin da ke kusa zai iya ɗauka. Wanda yake tunanin zai ƙara fitilu bayan shekara biyu ya faɗa tun yau. Akwai kuma abin da ake mantawa: sodiyom tana jefa zafi kai tsaye a kan ganye, LED kuwa kaɗan take jefawa, don haka a ƙasashen sanyi wanda ya koma LED yakan ga buƙatar ɗumama ta ƙaru.

Fitilu suna daɗewa a kunne, kuma wannan ma yana da hukuncinsa. Dokar wayoyin lantarki ta Amurka tana ɗaukar duk lodin da zai yi awa uku ko fiye ba tsayawa a matsayin mai ɗorewa, ta ce a lissafa shi da kashi 125 cikin 100. A aikace, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, in mai amp 20 ne ba a ɗora masa fiye da amp 16 na irin wannan lodi. Kowace ƙasa da dokarta, kuma ita za a bi, amma hikimar ɗaya ce: waya da bireka suna tara zafi idan aiki ya daɗe.

Injuna kuma tasu matsalar a farkon tashi take. Injin lantarki da aka kunna kai tsaye yakan ja kusan ninki shida na wutar da yake ci idan ya daidaita, na 'yan daƙiƙoƙi, kamar mai tura amalanke cike da kaya da ya fi shan wahala kafin ƙafafun su fara juyawa. Idan fankoki biyar da famfo biyu suka tashi tare, misali bayan an ɗauke wuta ta dawo, ƙarfin wutar yakan faɗi ƙasa nan take, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, janareta ya shaƙe. Maganin mai sauƙi ne idan an tsara shi tun farko: a sa su tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙoƙi, manyan kuma a sa musu na'urar tashi a hankali ko na'urar daidaita gudu, wadda ake kira VFD. Wannan ta biyun tana da wani alheri babba. Wutar da fanka take ci tana bin gudunta ne a lissafin gudu sau gudu sau gudu, don haka idan aka rage gudu zuwa kashi 80, wutar takan sauka zuwa kusan rabi. Fanka biyu a rage gudu sun fi ɗaya a cikakken gudu tsimi, kuma iskar ta fi bazuwa daidai.

Sai dai VFD da na'urorin da ke cikin fitilun LED ba sa jan wuta a lallausan zubi kamar tsohon kwan fitila. Fizga suke yi, wannan fizgar kuma tana hargitsa wutar layin. Wani ɓangare na hargitsin yana taruwa a wayar nutural, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, maimakon ya soke juna, har ta yi zafi alhali lissafin takarda ya nuna kusan babu abin da ke bi ta kanta. Don haka inda fitilu suke da yawa ba a rage kaurin nutural. Haka kuma LED tana fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kunnawa, abin da ke sa bireka ya faɗi ba tare da wani laifi a layin ba. Kamfanonin fitila sukan rubuta adadin da ya kamata a jona a kan kowane irin bireka. A nemi wannan takarda a karanta kafin a sayi akwati.

Gida mai girman kasuwanci kusan kullum wuta mai layi uku yake so, wato bolt 400 a yawancin ƙasashe, ko 208 da 480 a Arewacin Amurka. Injuna sun fi lafiya a kanta, kebul ma ya fi siranta a kan lodi ɗaya. Kilowat 67 ɗin nan na fitilu, a kan bolt 400, ya kai kusan amp 100 a kowane layi. Sharaɗin shi ne a raba ƙananan lodi daidai tsakanin layukan uku. A kuma sa na'urar da za ta kashe injuna idan layi ɗaya ya ɓace, domin injin da ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu yana ƙonewa. Ita ce kuma take lura idan an juya jerin layukan, abin da ke sa fanka ta juya baya, ta riƙa tura iska ta inda ya kamata ta ja, famfo kuma ya yi ta ƙara ruwa bai zuwa yadda ya kamata.

Da zarar lodin ya fito, a je wa kamfanin rarraba wuta, kafin a zuba harsashi. Ana auna tiransfoma da janareta da kVA, kayan aiki kuma da kilowat, kuma ba ɗaya suke ba: janareta mai kVA 100 galibi kilowat 80 yake bayarwa. A tambayi kamfanin ko layin yana da sarari, tsawon lokacin da sabon tiransfoma zai ɗauka, da yadda suke cajin kuɗi, domin wurare da dama suna caji a kan ƙololuwar da ka taɓa kaiwa a wata, wasu kuma farashin dare daban da na rana. Wannan kaɗai zai iya sauya sa'o'in da za a kunna fitilu ko a cika tanki. Shawarata a bar sararin kashi ɗaya cikin huɗu a tiransfoma da babban akwati, a kuma binne bututun kebul na rara tun ana tono. Bututu marar komai a ciki ba ya cin wani abin kirki, fasa kankare a gidan da shuka take tsaye kuwa aiki ne mai tsada da ɓarna.

Wajen zaɓen kebul, jarrabawa uku ce, amma mutane da yawa ta farko kawai suke yi, wato ko zai ɗauki amp ɗin. Ta biyu zafin wurin ne. Jadawalin kebul na ƙa'idar ƙasa da ƙasa yana ɗauka cewa iskar da ke kewaye digiri 30 ce. A ƙarƙashin rufin gidan shuka, inda kebul yakan bi, zafi yana wuce haka nesa. Kebul mai rigar PVC a digiri 40 kashi 87 cikin 100 na ƙarfinsa kawai yake iya ɗauka, a digiri 50 kuma kashi 71. Idan an cusa da yawa a bututu ɗaya, a sake ragewa. Ta uku nisa ce, kuma ita ta fi cin mutane, domin gidajen shuka dogaye ne, rijiya ko tanki kuma sau da yawa suna can gefe. Ɗauki famfo mai kilowat 7.5 da ke jan kusan amp 15 a kan bolt 400, a nisan mita 150. Kebul na tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 zai ɗauki amp ɗin lafiya lau, amma zai zubar da kusan bolt 34 a hanya, fiye da kashi 8. Mai 4 zai zubar da kashi 5 da ɗoriya. Sai an kai mai 6 ake sauka zuwa kusan kashi 3.6. Iyakar da aka saba yarda da ita kashi 3 ce ga fitilu, 5 ga sauran kaya. Injin da wuta ba ta isa gare shi da ƙarfi yana jan amp fiye da ƙima, ya yi zafi, ya mutu da wuri, mai gona kuma ya ɗora laifin a kan injin ya sayo wani, shi ma ya bi sahu.

Inda kebul zai bi ma abin dubawa ne. Hasken rana yana cinye rigar wayar da ba a yi ta don waje ba. Taki da feshi suna cin ƙarfe. Ɓeraye suna tauna. Ga kuma inuwa: masu noman gilashi a Holand suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi cewa kashi ɗaya na haske yana daidai da kusan kashi ɗaya na amfani, don haka faffaɗan tire na kebul da aka rataya a tsakiyar rufi yana cin riba kowace rana. A bi da shi ta jikin ginshiƙai da ƙarƙashin kwatami.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a zuciyata, domin ya shafi rai. Gidan shuka wuri ne mai danshi kullum. Raɓa tana taruwa a rufi tana ɗiga, ana feshi, ana wanke ƙasa da tiyo, ma'aikaci yana tsaye a jiƙaƙƙen wuri hannunsa a jiƙe yana dafa ƙarfe. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya, kuma wutar da ke iya hargitsa bugun zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba. Bireka mai amp 16 ba zai ko motsa a kan wannan ba, domin aikinsa kare waya ne. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar gano yoyon wuta, RCD, wadda take kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓi ta yanke. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60364, a sashenta na 705 da ya shafi gonaki da gidajen shuka, ta buƙaci mai miliamp 30 (miliamp kashi ɗaya ne cikin dubu na amp) a kan soket har zuwa amp 32, mai miliamp 100 a kan soket da suka fi haka, da mai miliamp 300 a kan sauran layuka domin kariya daga gobara. Ta kuma ce kayan wuta su kai aƙalla matakin IP44. Lamba ta farko a wannan alama ta ƙura ce da ƙananan abubuwa, ta biyu ta ruwa. Inda tiyo ko feshi yake kaiwa, IP65 ya fi dacewa.

Akwati mai kyau ma yana iya cika da ruwa idan an girka shi ba daidai ba. Kebul ya shiga ta ƙasa, a lanƙwasa shi kaɗan kafin ya shiga don ɗigon da ya biyo shi ya faɗi a waje. Babban akwatin ya zauna a ɗaki busasshe mai iska, wajen wurin shuka. Ƙarafan ginin duka, da teburan shuka na ƙarfe, da bututun ruwa da na ɗumama, a haɗe su da wayar ƙasa, a auna a tabbatar, ta yadda idan wuta ta taɓa ƙarfe za ta samu hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi.

Ga wani kuskure da niyya mai kyau take haifarwa: a sa RCD ɗaya a kan gidan gaba ɗaya. Ranar da ruwa ya shiga soket guda, fankoki da famfuna da kwamfuta duk su mutu. Bayan haka ta faru sau biyu ko uku, sai wani ya gaji ya tsallake na'urar da waya, kariya ta tafi, babu wanda ya rubuta a ko'ina. Dalilin faɗuwar ma ba lallai ruwa ba ne. Kowace fitilar LED da kowace VFD tana da ɗan yoyonta na ɗabi'a, RCD mai miliamp 30 kuma tana iya faɗuwa tun daga 15. Idan aka tara kaya da yawa a kanta, yoyon ya haɗu ya kai. Gyaran shi ne a rarraba: kowane rukuni da tasa, ta babban akwati kuma ta kasance mai ɗan jinkiri don ta rukunin ta riga ta faɗuwa. VFD kuma tana iya buƙatar nau'in RCD na musamman, kamar nau'in B, sai a duba takardarta. Wannan tunani na rarrabawa ya shafi fankoki ma. A jona su a tsallake, ta ɗaya da ta uku da ta biyar a layi guda, ta biyu da ta huɗu a wani, don idan bireka ɗaya ya faɗi iska ta ragu a ko'ina maimakon ta tsaya cak a rabin gida.

Mu koma layin nan na jadawali, minti nawa kafin asara. Fitila ta mutu dare ɗaya, shuka ba za ta mutu ba. Ɗakin sanyi a rufe yana riƙe sanyinsa na ɗan lokaci. Amma fanka ta tsaya da tsakar rana a gidan da yake rufe, zafi yana hawa cikin mintoci, tumatir kuma furensa yakan kasa ɗaukar 'ya'ya idan zafi ya daɗe sama da digiri 32 zuwa 35. A noman da saiwa take kwance cikin siririn ruwa mai gudana ba tare da ƙasa ba, famfo ya tsaya, saiwa ta fara bushewa nan da nan. A ƙasar sanyi, famfon ruwan ɗumama ne yake wannan matsayi da dare. Waɗannan ake warewa a akwati na daban, kuma su ake auna janareta da su, tare da fizgar tashin injin da ya fi girma. Janaretan da zai ɗauki har da fitilu yakan ninka girma sau da yawa, kuma injin dizal da ke yawan aiki da ɗan ƙaramin lodi ba ya jin daɗi.

Sauyawa zuwa janareta ta kasance mai yin kanta, domin wuta ba ta zaɓar lokacin da akwai mutum a kusa. Dole kuma na'urar sauyawar ta raba gidan da layin kamfani kwata-kwata kafin janareta ya shiga, in ba haka ba wutar za ta koma layi ta samu ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Kwamfuta ta samu batir nata da zai riƙe ta a tsakanin. Tagogin da inji yake buɗewa su kasance da hanyar buɗewa da hannu. Ƙararrawar da za ta kira wayar mai gona idan zafi ya haura ko wuta ta ɗauke kuwa, kada ta dogara da wutar da take gadi, ko da intanet ɗin da ke mutuwa tare da ita. Batir nata daban, layinta daban.

Sola tana dacewa da gidan da sanyaya ce babbar buƙatarsa, tunda lokacin da fanka ta fi aiki shi ne lokacin da farantai suka fi bayarwa. A dai ajiye su inda ba za su yi wa shuka inuwa ba. Ga fitilun dare lissafin daban ne: kilowat 67 na awa goma ya kai kilowat-awa 670 da batir zai adana kowace rana, kuma a watannin da rana ta fi ƙaranci.

Wayoyin na'urorin auna zafi, danshi da taki ƙaramar wuta suke ɗauka, kuma idan suka kwanta jikin kebul na VFD sukan kwaso hargitsi, kwamfuta ta karanta zafin da babu shi ta buɗe taga ko ta rufe. A raba musu hanya, a yi amfani da waya mai sulke. A sa na'urar tare tsallen wuta a babban akwati da kuma kusa da kwamfuta, domin tsawa ba sai ta faɗo a kan gini take ɓarna ba, ta layi ma tana shigowa.

Kafin dashe na farko ya shiga, ƙwararren mai lasisi ya auna rigar kowace waya, ya auna wayar ƙasa, ya gwada kowace RCD da na'ura, ya duba inda kowane inji yake juyawa a kan wutar kamfani da kuma a kan janareta. Sannan a kunna duk lodin sa'ar zafi, a kashe babban makunni da gangan, a riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa kafin fanka ta farko ta dawo, da ko ƙararrawar ta kira wanda ya kamata. A rubuta suna a kan kowane bireka, a manna zanen wayoyin a cikin ƙofar akwati, a kuma sa ranar da za a riƙa tayar da janareta da lodi a kansa kowane wata, da ranar danna maɓallin gwajin RCD, a cikin jadawalin aikin gona tare da na feshi da na taki.